Haƙƙin Ɗa da Haƙƙin Majinyaci: Darasi a kan Matanmu Masu Aikin Asibiti

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta, Ya sanya tausayi a zukatan iyaye. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wasu bayin Allah ne waɗanda babu gidan da ba ya bukatarsu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka dubi halin da suke ciki. Su ne ma'aikatan jinya da ungozomomin asibiti, waɗanda mu a nan ƙasar Mayahi muke haɗa su duka mu kira su likita, musamman mata daga cikinsu masu aure da ƴaƴa. Ƙorafi a kansu ya yi yawa a majalisunmu. Wai suna da faɗa, wai ba su fitowa aiki da wuri, wai da an turo mace Kanambakashe ko Isawane ko Cake, kafin shekara ta zagayo ta nemi a mai da ita Maraɗi. Su kuma mazajensu suna kawo wa malamai ƙara, cewa aiki ya cinye musu mata, yara sun zama kamar marayu alhali uwarsu tana raye. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya. Abin da muke son bayyanawa shi ne cewa ƙorafin nan biyu tushensu guda ne: mun ɗora wa mace ɗaya farillai biyu, sa'an nan muka janye hannunmu daga dukansu.

Matsayin aikin jinya a shari'a

Malamai sun kasa farilla gida biyu. Akwai farali aini, wanda yake kan wuyan kowane baligi mai hankali, kamar salla da azumi. Akwai kuma farali kifaya, wanda yake kan wuyan jama'a gaba ɗaya. Idan wasu sun tsaya da shi ya sauka daga kan saura, idan kuwa aka rasa mai tsayawa da shi, to, zunubi ya game kowa. Wankan gawa da sallar jana'iza suna cikin wannan kashi, kuma ilmin magani da jinya yana cikinsa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya yi magana mai zafi a kan haka a cikin Ihya'u, inda ya zargi mutanen zamaninsa da cewa sun yi cincirindo a kan mas'alolin fiƙihu da jayayya, alhali akwai garuruwa da yawa da babu likita musulmi ko ɗaya a cikinsu.

Shigar mata cikin wannan aiki kuwa tun zamanin Manzon Allah (S.A.W.) ne. Rufaida, mutuniyar ƙabilar Aslam, tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni. Da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) a yaƙin Handaƙu, shekara ta 5 bayan hijira, Manzon Allah da kansa ya yi umurni a kai shi tantinta domin ya riƙa duba shi daga kusa. Muslim ya ruwaito cewa Ummu Aɗiyya (R.A.) ta halarci yaƙi bakwai, tana dafa abinci, tana yi wa masu rauni magani, tana tsayawa a kan marasa lafiya. Buhari ya ruwaito irin wannan daga Rubayyi'u ƴar Mu'awwizu. A ƙasarmu ta Hausa ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum a kan hukuncin fitar mata, mai suna Irshadul Ihwan, kuma a cikin Nurul Albab ya soki mazajen da suke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ɗansa Muhammadu Bello ya yi wallafe-wallafe a kan magani.

To, sai mu yi wa kanmu adalci. Mu ne muke cewa ba mu yarda namiji ya duba matanmu ba, ba mu yarda namiji ya karɓi haihuwa ba. Wannan kishi ne mai kyau. Amma wanda ya faɗi haka ya wajabta wa gari samun mace mai wannan ilmi, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ke nan matar da ta je makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram ko ta Yamai, ta dawo tana awon ciki tana karɓar haihuwa, farillarmu ce ta ɗauke mana. Wanda ya ɗauke maka farilla kuwa ya bi ka bashi.

Nauyin da muke magana a kansa

Ƙidayar lafiya da aka yi a Nijar a 2012 ta nuna cewa mace ɗaya tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaicin lissafi, a jahar Maraɗi kuwa adadin ya haura 8. Binciken 2021 ya nuna ya sauko zuwa 6.2 a ƙasa baki ɗaya, amma duk da haka muna sahun gaba a duniya. Ƴaƴa ni'ima ce, ba mu ƙi ba. Sai dai kowane ɗa daga cikinsu yana da awon ciki, da haihuwa, da rigakafi, da awon nauyi, kuma duk wannan yana bi ta hannun mutane ƴan kaɗan. Tun daga 2001 aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka a ƙarƙashin shirin musamman na shugaba Tanja Mamadu. A 2006 hukuma ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da kuɗin awon ciki. Jama'a suka yi tururuwa zuwa asibiti, wanda abin farin ciki ne, amma hannuwan da ke karɓarsu ba su ƙaru daidai da ƙafafun da ke zuwa ba. Ga shi kuma kuɗin da hukuma ta yi alkawarin mai da wa asibitoci sun riƙa yin jinkiri, sai magani ya yanke, sai uwar yaro ta zargi wadda ta gani a gabanta.

Wanda duk ya kai shekara talatin a wannan yanki yana tuna 2005, shekarar da tamowa ta yi wa yaran jahar Maraɗi kaca-kaca, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a faɗin Nijar. Wannan shekara ce ta musamman, amma kowace damina tana zuwa da irin nata. Daga watan Yuli zuwa Oktoba masassarar cizon sauro da tamowa suna haɗuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi bai nuna ba. Tun 2013 aka fara rabon maganin rigakafin masassara ga yara wata-wata a wannan tsakani, wanda ya ceci rayuka, ya kuma ƙara wa ma'aikata aiki. A irin waɗannan watanni ma'aikaciya tana iya kwana tsaye a kan yaron da ake yi wa ƙarin ruwa, asuba ta yi a kawo mai naƙuda a amalanke daga wani ƙauye na gefen Gulbin Kaba, ta ga jini ya ɓalle, ta shiga neman motar da za ta kai ta babban asibitin Mayahi ko na Tasawa. Hantsi ya yi, layin masu awo ya kai bakin ƙofa. A wannan lokacin nata yaron yana gida, wataƙila shi ma jikinsa da zafi.

Akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba mace hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, ta kuma ba ta damar shayarwa da ba ta wuce awa ɗaya ba a kowace ranar aiki, har yaro ya cika wata 12. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya tana horon a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi. Wa ke isar da wannan horo ga matan ƙauye? Ita wannan ma'aikaciya. Za ta tsaya ta koya wa mata shayarwar wata shida, alhali ita an kira ta aiki jaririnta yana da wata biyu. Allah kuwa, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, Ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. Dubi tazarar da ke tsakanin wata biyu, da wata shida, da shekara biyu. A cikin wannan tazara matar nan take rayuwa, kuma da yawa daga masu aikin ma ƴan kwantiragi ne ko masu aikin sa kai, waɗanda ba su da ƙarfin bakin neman haƙƙinsu.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ya ce duniya tana da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, kuma kusan tara cikin goma na masu wannan aiki mata ne. A 2019 hukumar ta sanya wa irin gajiyar nan ta aiki matsayi a kundinta, ta siffanta ta da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, da bushewar zuciya game da aikin, da raguwar ƙwarewa. Alama ta biyun nan ita ce abin lura. Matar da ta fara aiki tana kuka idan yaro ya mutu a hannunta, bayan shekaru sai ka ga tana daka wa mai naƙuda tsawa. Mu sai mu ce ba ta da imani. Sau da yawa imanin yana nan, ƙarfin ne ya ƙare. Rijiya ma idan aka yi ta ja ba a bari ta tara ba, laka take bayarwa.

Shari'a ta riga likitoci sanin haka. Buhari da Muslim sun ruwaito hani ga alƙali ya yi hukunci yana cikin fushi, malamai kuma suka yi ƙiyasin yunwa mai tsanani da ƙishirwa da gyangyaɗi a kan fushi, domin dukansu suna rufe basira. An kuma umurci mai gyangyaɗi a cikin salla ya je ya yi barci, don kada ya zo neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Idan salla ba ta kyautatuwa da gyangyaɗi, yaya lissafin allurar jariri mai kilo uku zai kyautatu a hannun wadda ta kwana biyu ba ta runtsa ba? Barcinta maslahar ɗanka ce, ya kai mai ƙorafi.

Abin da ke kan maigida

A nan za mu daɗe, domin a nan gyara ya fi sauƙi kuma a nan aka fi sakaci.

Da farko, wanda ya auri mace ya san tana wannan aiki, ko ya yarda ta shiga makarantarsa bayan aure, to, ya yarda da abin da aikin ya ƙunsa, har da kwanan gardi. Malaman usulu suna ɗaukar abin da aka sani bisa al'ada tamkar abin da aka sharɗanta da baki. Bai dace ba mutum ya yi shiru ranar ɗaurin aure, ya yi shiru ranar karɓar albashi, sa'an nan ranar da aka buga ƙofa da tsakar dare ya tuna cewa shi ne maigida.

Na biyu, dukiyar mace tata ce. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna kan miji ko da matarsa ta fi shi samu, kuma ciyar da ƴaƴa yana kan uba. Idan ta taimaka, sadaka ce ta yi, kamar yadda aka yi wa Zainabu matar Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) bushara da lada biyu, ladan zumunta da ladan sadaka, saboda ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta. Amma abin da muke gani shi ne wasu mazaje sun sakar wa matan cefane da kuɗin makarantar yara da na magani, suna cewa ai tana da albashi, kuma duk da haka suna jiran ta dawo daga aikin dare ta ɗora tukunya, ta yi wanki, ta dama fura. Sun sauke nasu wajibin a kanta, ba su rage mata komai daga nata ba. Wannan zalunci ne, ko da an saba da shi.

Na uku, littafin Risala na Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda babu makarantar zaure a ƙasar nan da ba a karanta shi, ya bayyana cewa idan miji yana da yalwa, samar wa matarsa mai yi mata hidima yana kansa. Asma'u ƴar Abubakar (R.A.) ta ba da labarin wahalar da ta sha a gidan Zubairu: ɗebo ruwa, da kiwon doki, da ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gona mai nisa, har mahaifinta ya aiko mata da mai hidima wanda ya ɗauke mata ɗawainiyar dokin, ta ce ji ta yi kamar an ƴanta ta. Ba a ce mata ta yi haƙuri kawai ba. An rage mata kaya.

Na huɗu, kuma shi ne wanda ya fi yi wa mazajenmu nauyi: riƙon yaro. An tambayi Nana A'isha (R.A.) abin da Manzon Allah yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa ne har lokacin salla ya yi ya fita. Abu Ƙatada ya gan shi yana limanci ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. A gaban sahu ke nan, a cikin farilla. Mu kuwa mutum yana jin kunyar a gan shi a ƙofar gida da ɗansa a kafaɗa, wai kada a ce mace ta mallake shi. Wace kunya ce wannan da ta fi ta Annabi? Ranar da uwar yara take gardi, uba ne ya kamata ya tabbatar sun ci, sun yi salla, sun shiga gidan sauro, sun tafi makarantar allo da safe. Hadisin kiwo da kowa ya haddace ya ambaci namiji a kan iyalinsa kafin ya ambaci mace a kan gidan mijinta. Umurnin kare iyali daga wuta da ke aya ta 6 ta Suratut Tahrim ma da muminai aka yi magana, kuma uba ne farkon wanda ya shiga ciki.

Ayar shayarwa da muka ambata ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Yana daga cutar da ita a riƙa yi mata gori da shi, a ce duk rashin jin da ya yi ko faɗuwar da ya yi a makaranta laifin aikinta ne. Wannan gori shi ne yake raka ta har asibiti, ta shiga ɗakin haihuwa zuciyarta a dagule. Abin da aka zuba mata a gida shi take zubawa a kan matanmu.

Jan hankali ga malaman asibiti

Ku kuma ƴan'uwanmu mata masu wannan aiki, duk abin da muka faɗa bayanin dalili ne, ba halatta laifi ba ne. Matar da ta zo miki daga ƙauye a kan amalanke ba ita ta ɓata miki rai ba, kuma ita ma ta baro nata ƴaƴan. Tun a 2003 wasu masu bincike, cikinsu har da na cibiyar LASDEL ta Yamai, suka wallafa littafi a kan munin mu'amala tsakanin ma'aikatan lafiya da marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, Yamai na ciki. Tsawa, da wulaƙanci, da fifita wanda aka sani, da karɓar abin da ba a halatta ba, duk an rubuta su. Mace ɗaya da aka zaga a ɗakin haihuwa tana iya hana mata goma zuwa, a cikin goman nan kuwa akwai wadda za ta mutu a gida. Ki tuna hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa ranar ƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan mara lafiyar da bai gaishe shi ba, Ya sanar da shi cewa da ya je da ya sami Allah a wurinsa. Abin da wasu suke yin tafiya su nema, ke an kawo miki shi har wurin aikinki kullum.

Haka kuma kada gajiyar asibiti ta sauka a bayan yaranki. Yaron da bai ga uwarsa ba tun jiya, idan ya maƙale mata yana rigima, kewa ce ta sa shi. Duka ba ya maganin kewa.

Kanki ma yana da haƙƙi a kanki. Salmanul Farisi ya tarar da ɗan'uwansa Abu Darda'i ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har matarsa ta daina ado, sai ya tilasta masa ya ci, ya kwanta, ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da kansa da iyalinsa kowanne yana da rabo a wurinsa, Manzon Allah kuma ya gaskata Salmanu. Idan ibada ba a yarda ta cinye mutum ba, balle aiki. Neman hutun da doka ta ba ki ba ragwanci ba ne, gaya wa shugaban asibiti cewa ƙarfinki ya ƙare kafin ki yi kuskure a kan ran wani kuwa amana ce.

Game da salla, tambaya tana yawan zuwa mana. Wadda ta san aiki zai rutsa da ita tana iya jinkirta azahar zuwa ƙarshen lokacinta, ta sallace ta, la'asar ta shiga ta sallace ta a farkon nata; kowace an yi ta a lokacinta, alwala ɗaya ta isa. Idan kuwa rai ne a hannunta, kamar mai zubar da jini ko jaririn da bai yi numfashi ba, to, ceton rai ake gabatarwa, domin ko mai salla an wajabta masa ya yanke ta don ya ceci wanda zai halaka. Da ta gama sai ta yi sallarta ba tare da ɓata lokaci ba. Wannan rangwame na lalura ne, ba na hira a ofis ba. Game da azumi, Risala ta bayyana cewa mai shayarwa idan ta ji wa ɗanta tsoro, ba ta sami wadda za ta shayar mata ba ko yaron ya ƙi karɓar wata, tana da damar ta sha, ta rama, ta kuma ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowace rana.

Rabon gari

Anas (R.A.) ya ruwaito cewa Manzon Allah yakan shiga salla da nufin tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, sai ya taƙaita saboda sanin damuwar da uwar take ciki. Jama'a guda aka gajarta wa salla saboda uwa ɗaya. Wannan shi ne ma'aunin shugabanci, kuma muna miƙa shi ga shugabannin asibitoci masu raba kwanan gardi, da masu tura ma'aikata ƙauyuka. Mai jego da mai tsohon ciki ba a auna su da ma'aunin saurayi.

Mu kuma mutanen gari mu tambayi kanmu dalilin da ya sa mata ba su zama a asibitocinmu na karkara. Baƙuwa ce aka turo, mijinta yana Maraɗi ko Tasawa, ba ta da uwa ko ƙanwa a nan. A garinsu da kaka ta riƙe mata yaro, a nan kuwa babu kowa. Mun taɓa aika mata da ruwa ko itace? Matanmu sun taɓa cewa ta kawo yaron ya wuni tare da nasu? Masu gari da kwamitin kula da asibiti sun taɓa duba ɗakin da take kwana, ko yana da ƙofa mai kulle, ko yana yoyo? Sai dai mu buga mata ƙofa da ƙarfe biyu na dare a kan ciwon da ya kwana huɗu muna kallonsa, mu ƙi kawo mai ciki awo sai naƙuda ta gagara. Idan ta gudu, a turo namiji, mu ce ba mu yarda ya duba matanmu ba. Sai matan su haihu a gida, abin da zai faru ya faru, mu ce ƙaddara. Magani mai ɗorewa shi ne ƴaƴanmu mata na nan su yi karatun, domin ƴar gari tana da dangin da za su riƙe mata yara, kuma ba ta da inda za ta nemi a mai da ita. Wannan ba ya yiwuwa idan ana cire su daga makaranta kafin su kai ko'ina.

Mas'aloli biyu da taimakon kan haifar

Ta farko ita ce ƴar raino. Mafita da aka fi sabawa da ita ita ce a ɗauko yarinya ƴar shekara tara ko goma daga ƙauye ta goyi jariri. Babu laifi a ɗauki mai taimako, amma yarinyar nan ita ma ɗiyar wani ce, kuma amana ce a hannun wanda ya ɗauko ta. Haƙƙinta ne ta ci irin abin da ƴaƴan gida suke ci, ta sami karatun addini da na boko, a biya ladanta a kan lokaci, kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Bai halatta a gyara tarbiyyar ɗa ɗaya da lalata ta wani ba. Inda za a sami dattijuwa ko bazawara mai bukata a biya ta, ya fi alheri ga kowa, domin ta fi yarinya sanin abin da za ta yi idan jariri ya shiɗe.

Ta biyu ita ce shayarwa. Yakan faru ma'aikaciya ta bar jaririnta wurin maƙwabciya ko abokiyar aiki mai goyo, aiki ya riƙe ta, yaro ya yi ta kuka, sai waccan ta tausaya ta ba shi nono. Ta fuskar lafiya, su ma'aikatan sun fi mu sanin cewa akwai cututtukan da ke bin nono, don haka a san lafiyar mai shayarwar tukuna. Ta fuskar shari'a kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya duk nonon da ya isa cikin yaro a cikin shekara biyun farko yana haramta aure, ko da tsotso ɗaya ne. Wadda ta shayar ta zama uwarsa, mijinta ya zama ubansa, ƴaƴanta duka, waɗanda ta haifa kafin nan da waɗanda za ta haifa daga baya, sun zama ƴan'uwansa. Ma'aikacin hukuma kuwa ba mazaunin wuri ɗaya ba ne. Yau yana Kanambakashe, baɗi yana Dakwaro ko Gidan Runji, bayan shekara ashirin yaran su haɗu a makaranta a Maraɗi babu wanda ya san abin da ya gudana. Saboda haka duk wadda ta shayar da ɗan wata ta sanar da iyayen yaron a ranar, ta sanar da mijinta, a shaida wa mutum biyu adilai, a rubuta sunan yaron da na mai shayarwar da shekarar a takarda, kowane gida ya ajiye tasa tare da takardun haihuwa. Wanda bai iya rubutu ba ya zo masallaci bayan sallar la'asar a rubuta masa.